Neman shawara: da gaske siffar kofi na canza ɗanɗanon giyar inabi?

Salamu alaikum 'yan uwa. Ina sayar da kayan gilashi a Idumota. Jiya wata mata daga Ikoyi ta dawo mini da katan guda, wai na jar giyar inabi ta ce in ba ta, na ba ta na fara. Ni kuwa a idona duk kofi ne mai doguwar ƙafa. Ba na sha, balle in gwada. Da gaske siffar kofi na canza wani abu, ko iyayi ne kawai? Kuma kala nawa ya kamata in saro?

Mai Shayin Obalende: Alhaji, ni ko shayi na zuba a kofin roba sai masu saye sun yi ƙorafi. Kar ka raina maganar matar.

Tsohon Ma'aikacin Otal: Yallaɓai, na yi shekaru ina jera teburi a Victoria Island. Matar tana da gaskiya, amma rabi. Abin da kofi ke canzawa ƙamshi ne, kuma yawancin abin da muke kira ɗanɗano hanci ne ke kawo shi. Ka tuna yadda miya ke zama salam in kana mura. Kofin ja yana da faɗin ciki da tsukakken baki. Ba a cika shi, kashi ɗaya cikin uku ake zubawa, a juya a hankali, ƙamshin ya taso ya taru a baki. Kofin farar giyar ƙarami ne saboda da sanyi ake shanta, ƙafar ma don kar tafin hannu ya ɗumama ta ne. Siriri dogon nan na shamfen ne, wato giyar inabi mai kumfa, yana riƙe kumfar.

Inda aka yi ƙari shi ne cewa kowane irin inabi sai da kofinsa. Kamfanin Riedel na Ostiriya ne ya yayata wannan tun 1973, kuma kofi yake sayarwa. Zancen wai kofi na kai abin sha wani sashe na harshe ma bai inganta ba.

Hajiyar Agege: Ɗana, gwada da zoɓo mai citta da kanumfari. Zuba a tambulan, zuba a mai faɗin cikin, ka shinshina.

Ɗan Mile 12: Saro uku: babba, ƙarami, siriri. Masu biki ma siririn suke nema don Eva, ruwan inabin kwalba marar maye.

Mai tambaya: Na gode. Hajiya, na aika yaro ya sayo zoɓon.