Rufin ƙaramar tirelar kwana: wa ya taɓa yi, kuma me ya ɗora a sama?

Baban Ummi, Daura:
Assalamu alaikum jama'a. Ina haɗa ƙaramar tirela ta kwana, irin mai siffar ɗigon hawaye, gaba a kumbure baya a zube, wadda ƙaramar mota ke ja. Faɗi ƙafa 4, tsawo ƙafa 8, daidai falanki guda. Katifa a ciki, wurin girki a baya ƙarƙashin murfi. Noman rani nake yi wajen dam ɗin Sabke, lokacin ban ruwa da cirar tumatir kwana kan kama ni can. An gama waldar shasi, bango biyu sun tsaya, rufi ne ya tsayar da ni. Mai walda ya ce ƙarfe, kafinta ya ce falanki da fenti, ƙanena ya ce alminiyam don shi ya gani a bidiyo. Kowa sana'arsa yake yabo. Duk wanda ya taɓa rufa abin da ke tafiya a kan taya, ko da rumfar akori-kura ce, ya gaya mana abin da ya gani da idonsa.

Mai Walda, Ƙofar Ƙaura:
Wa alaikumus salam. Alhaji, ni ƙarfe na sani, kuma na rufa wa wani mai bin kasuwannin Mashi da Mai'aduwa tirelar kaya da fallen ƙarfe mai kaurin milimita 1. Har yau ba ta ɗiga ba, reshen ƙaya ya karce ta bai huda ba. Amma kaya ke kwana ciki, ba mutum ba. Ran da ya kawo ta gyaran ƙyaure cikin watan Afrilu na shiga ciki da azahar, wallahi tanderu ce. Kuma in za ka yi walda a kan gangar katako, ka san wuta kake nema. Ƙarfe sai in duk gangar ta bututun ƙarfe ce tun daga ƙasa.

Malamin Fasaha, Katsina:
Baban Ummi, ƙaninka bai yi ƙarya ba. Asalin irin wannan tirela daga Amurka take, tun shekarun 1930, ta yi tashe bayan yaƙin duniya na biyu, kuma alminiyam a kan siririn falanki shi ne rufinta da aka fi sani. Na yi wa kaina guda, ga abin da na gani.

Fara da nauyi. Rufinka, in ka bi lanƙwasa daga gaba har wutsiya, zai kai murabba'in mita 4. Ƙarfe mai milimita 1 a wannan faɗin ya haura kilo 30. Alminiyam mai milimita 0.7 bai wuce kilo 8 ba. Nauyin sama kuma shi ke sa tirela rangaji a kwana.

Abin da mutanenmu ba su kula da shi shi ne motsi. Alminiyam yana miƙewa da zafi, kusan ninki biyu na ƙarfe. Falle mai mita 3, in zafin jikinsa ya tashi da digiri 40 tsakanin asuba da tsakar rana, zai ƙaru da kusan milimita 3. A nan Katsina da iskar kanta ke kai digiri 40 a bazara, wannan abin kullum ne. Katakon da ke ƙarƙashinsa kuwa ba ya bin sa. In ka manne shi da gam ko ka bi shi da ƙusa ko'ina, ba shi da inda za shi sai sama, ya yi kumburi-kumburi, ramukan sukuru su buɗe. Ni ban manne nawa ba ko kaɗan. Shimfiɗa shi na yi a sake, gefe da gefe kawai na danne da kusurwar alminiyam, da ɗanko a ƙarƙashi. Da rana in ka taɓa tsakiyarsa za ka ji ya ɗan saki, da dare ya koma ya kwanta.

Wurin samu: je wurin masu yanka kwanon rufi na alminiyam, ka ce su yanko maka daga naɗi tun bai shiga injin matsa ba. Kar ka karɓi ƙasa da 0.55, ya cika laushi. Ka tafi da ma'auninka, don naɗin mita 1.2 ya gaza ƙafa 4 da kusan santimita 2, sai kusurwar gefe ta rufe giɓin.

Baban Ummi, Daura:
Malam, Allah ya saka. To in ba a manne ba, iska ba za ta ɗaga shi a hanya ba? Titin Daura zuwa Katsina ana gudu.

Malamin Fasaha, Katsina:
Sai ta samu baki za ta shiga. Bakin gaba ka zagayo da shi har ƙasan gangar ka danne da ƙarfe, shi ke nan.

Kafintan Ƙofar Durɓi:
Ku duk fata kuke magana, ba wanda ya taɓo ƙashi. Ranka ya daɗe, kowane rufi ka zaɓa, a kan haƙarƙarin katako zai kwanta. Ni tazarar ƙafa ɗaya nake ba su, inda lanƙwasar ta yi tsanani a goshi na matso da su zuwa inci 6. Falanki mai kauri ba ya lanƙwasuwa, karyewa yake. Ka samu siriri mai milimita 3, ka ɗora biyu, ɗaya kan ɗaya, kar mahaɗarsu ta faɗa wuri guda. Kuma falanki yana da ɓangaren da yake yarda ya tanƙwaru, ka gwada shi a hannu kafin ka yanka.

Wani ya ce mini in jiƙa shi da ruwan zafi ya yi laushi. Na gwada a kan guntu, kafin la'asar ya rabu falle-falle. Yawancin falankin da ke kasuwarmu na aikin cikin ɗaki ne, gam ɗinsa ba ya shiri da ruwa. Na jirgin ruwa shi ne mai jurewa, in ka rasa a Katsina ka tambaya a 'Yan Katako na Na'ibawa a Kano.

Sai katakon haƙarƙarin. Wanda aka kawo daga kudu da damina da ɗanyensa yake zuwa. Ka yi aiki da shi a watan Agusta, hunturu ya shigo ya tsotse shi, sukuru su yi sako-sako. Ka jingine shi a inuwa ya bushe tukuna. Maganin gara kuma ka shafa tun a waje ya sha iska, don ciki za ka kwana.

Ɗan Tela, Mai'aduwa:
Ni kam ba ni da kuɗin alminiyam lokacin da na yi rumfar bayan motata, kanbas na sa. Ba tamfol na roba ba, kanbas na auduga. Na wanke shi ya gama shan ruwansa, na shafe falankin da gam, na shimfiɗa ina bi da guga ta katako har ya kwanta ba kumfa, sannan fenti hawa-hawa har saƙar ta cike. Ba mahaɗa, ba ramin ƙusa ko ɗaya, har gefen bango na zubo da shi. Damina ta zo ta wuce ban ga ɗigo ba. In reshe ya yaga shi, ƙyalle da fenti sun gyara.

Mai Walda, Ƙofar Ƙaura:
Ƙyalle a kan rufi? Ɗan Tela, kai ma dai sana'arka kake yabo.

Ɗan Tela, Mai'aduwa:
Oga, zo ka zuba mata bokiti ka gani. Abin da zan yarda da shi, ranar nan tana cin fenti. In ya fara gari a hannu sai a ƙara shafe. Wanda ba zai iya wannan hidimar ba kar ya fara.

Malamin Fasaha, Katsina:
Ba wasa yake ba, masu haɗa irin tirelar nan a waje suna yin haka sosai. Sharaɗin shi ne gam ɗin ya zama mai jure ruwa. Farin gam na kujeru yana komawa laushi in ya jiƙe.

Fanel Bita, Daura:
Baban Ummi, tunda gari ɗaya muke, bari in hana ka asara. Wani ya kawo mini aikin fayiba a kan rumfa, ya riga ya jera farin soson nan na cikin kwalin firji don tare zafi. Ruwan fayiba na taɓa shi ya narke ya zama kunu. Ruwan da muke gyaran bamba da shi yana cinye wannan soso, haka ma gam mai warin fetur. Ifoksi, wani irin ruwan fayiba na daban, shi ne ba ya cin sa, shi kuma da tsada, kuma sai an rufe shi da fenti don rana tana lalata shi. Ga shi a zafinmu ruwan fayiba kan daskare tun kana kan shafawa, dole da sassafe ake aikin. Ni da nake sana'ar ban ba ka shawarar fayiba ba.

Soson dai ka sa, amma a tsakanin haƙarƙari, falanki sama falanki ƙasa, ya cika wurin tam. Kuma ko me ka rufa da shi, ya zama fari. Na ga wanda ya yi wa tasa baƙin fenti don ta dace da motarsa, bai ƙara kwana ciki ba sai da hunturu.

Maman Sadik, Katsina:
Maza kun manta da numfashi. Mai gidana ya haɗa wa kansa irin wannan don zuwa gona, ya toshe ko'ina saboda ƙura. Da safe sai ya ga silin ya jiƙe sharkaf alhali ba a yi ruwa ba, ya yi ta neman inda ke yoyo. Ashe numfashinsa ne ke taruwa a sama in dare ya yi sanyi. Sai da aka huda tagar sama aka sa ƙaramar fanka mai aiki da sola. Kuma don Allah, Baban Ummi, komai sanyin bakin dam kar a shiga da kaskon gawayi. Hayaƙinsa ba ya wari, kisa yake cikin barci, balle a ɗan akwati irin wannan.

Kafintan Ƙofar Durɓi:
Hajiya ta yi gaskiya. Amma a tsara tagar tun kafin a rufe, a zagaye ta da katako ta huɗu. Ta kasuwa yawanci inci 14 ce kowane gefe, ta fi tazarar haƙarƙarin da na faɗa, sai ka buɗa mata wurinta.

Direban Jibiya:
Ni tawa ba ta taɓa yoyo ta tsakiyar rufi ba. Ta mahaɗar murfin baya take sha, inda hinji yake, don duk ruwan da ya sauka a sama nan yake gangarowa. Silikon na fara cusawa, girgizar hanya ta ɓamɓare shi, kuma fenti ba ya kama shi. Abin da ya yi mini magani tsohon tub na mota ne, na yanka doguwar ɗauri na lulluɓe hinjin daga wannan gefe zuwa wancan, ya zarce kaɗan. Ƙura ma ta nan take shiga, ka buɗe murfi ka tarar da tukwane sun yi ja.

Abu ɗaya kuma: sukurun ƙarfe na gama-gari a jikin alminiyam, in damshi ya zauna, sai ka ga farin gari ya zagaye kansa, ramin yana faɗi. Ka nemi sukuru marasa tsatsa, kowanne ka tsoma shi a ɗanko kafin ka ɗaura.

Baban Ummi, Daura:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na tsaya a kan falanki biyu sirara, soso a tsakani, farin alminiyam a sake, da tagar sama. Kanbas ɗin Ɗan Tela zan gwada a murfin baya, tunda can ne nake son sauƙin nauyi. Saura faifan sola, shi ma a hudo rufin a ɗaure shi?

Malamin Fasaha, Katsina:
A'a. Ka kafa ƙafafunsa a jikin bango ta gefe, sanda biyu su gitta sama, faifan ya zauna a kansu da tazarar yatsa uku don iska ta ratsa. Wayar kuma ka biyo da ita ta goshi, ta shiga ta ƙasa.