Neman kalmar Hausa: wane suna ya dace da tobon motar tsere?

Mai tambaya, Bauchi

Assalamu alaikum, malamai da injiniyoyi da shugabannin gareji. Ina rubuta bayani da Hausa a kan yadda ake sauya wa motar gudu kayan ciki a shirya ta don tsere a fili, kuma kusan dukkan bayanin ya rataya ne a kan na'ura guda, wadda Turawa suke kira turbocharger, makanikanmu na Bauchi da Gombe kuma suke gajarta ta su ce tobo. Ban raina wannan kalma ba, domin ta zauna daram a bakin masu sana'a, amma ba ta shaida wa wanda bai taɓa ɗaga bonet ba komai game da aikin na'urar. Shi ya sa nake neman sunan da mai karatu zai ji ya gane inda aka dosa.

Ga aikin nata. Injin fetur yana buƙatar iskar da nauyinta ya kai kashi 14.7 kafin ya ƙone kashi 1 na mai ƙurmus, saboda haka ƙarfinsa yana tsayawa ne a inda iskar da ya iya shaƙa ta tsaya, kuma ƙara masa mai ba tare da ƙarin iska ba baƙin hayaƙi kawai yake jawowa. Tobo yana da fanka biyu a kan sanda guda. Hayaƙin da ke fita daga inji, wanda a da yake bin salansa ya tafi a banza, shi ne yake juya ta farko, ta biyun kuma sai ta zuƙo iskar waje ta matse ta, ta tura ta cikin silinda. A ƙananan motoci sandar tana iya haura juyi 150,000 a minti guda. Wani injiniyan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar dabarar a 1905, ta fara amfani a injunan jiragen ruwa da na sama, ba ta shiga ƙananan motocin kasuwa ba sai a 1962, lokacin da kamfanin General Motors na Amurka ya sa ta a Oldsmobile Jetfire da Chevrolet Corvair.

Sunaye uku ne suka zo mini: maƙara ƙarfi, famfon iska, da maɗurar iska. Ina roƙonku ku auna su, wanda kuma yake da abin da ya fi su ya kawo.

Injiniya, Gombe

Wa alaikumus salam, Malam. Maƙara ƙarfi ba zai yi ba, domin sakamako ya ambata, bai ambaci aiki ba, kuma a motar tsere abubuwa da yawa suna ƙara ƙarfi, tun daga faɗaɗa silinda har zuwa sake saitin ƙwaƙwalwar mota. Famfon iska kuwa masu faci sun riga mu, duk wanda ya ji shi taya zai tuna. Maɗurar iska ta fi kusa da gaskiya, tun da ɗura ake yi wa injin fiye da abin da zai shaƙa da kansa, sai dai akwai wata na'ura ta biyu da ita ma ɗurar take yi, wadda ake kira supercharger, kuma sunan da zai haɗa su wuri guda ba tare da hanyar rarrabewa ba zai rikita bayaninka.

Bambancinsu shi ne abin da yake juya su, kuma a filin tsere wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Supercharger bel ne yake jan ta daga injin, don haka da an taka totur take amsawa, amma tana cin wani ɓangare na ƙarfin da take samarwa. Tobo ba ya ɗora wa inji irin wannan nauyi, sai dai dole ne ya jira hayaƙi ya taru kafin ya ɗauki gudu, shi ya sa direba yakan taka totur a fitowarsa daga kwana ya ji shiru na ɗan lokaci, sannan ƙarfi ya zo masa gaba ɗaya. Porsche 911 Turbo ta 1975, mai inji lita 3 da ƙarfin dawakai 260, ta yi ƙaurin suna da wannan hali, domin idan ƙarfin ya iso alhali sitiyari bai miƙe ba, tayoyin baya sukan kufce. Duk sunan da za mu zaɓa, ya zama za a iya cire sunan wannan jinkiri daga jikinsa, da kuma sunan matsin iskar da na'urar take bayarwa.

Malamin Hausa, Azare

Injiniya ya kafa sharaɗi mai kyau, kuma ina ganin Hausa tana da kalmar da ta cika shi tun kafin mota ta zo ƙasar nan. Kalmar ita ce zugazugi. Maƙeri ya san cewa gawayi ba zai kai zafin da zai tausasa ƙarfe da iskar Allah kaɗai ba, sai an tura masa iska da ƙarfi, kuma abin da tobo yake yi wa wutar da ke cikin silinda ke nan, ba ƙari ba ragi. Abin da ya ƙara ja ni ga kalmar shi ne tana da dangi: akwai aikatau zuga, akwai suna zugi, ana kuma iya cewa zugaggen inji a bambanta shi da injin da yake shaƙar iska da kansa. Kalmar aro irin tobo ba ta haihuwa haka, kullum sai an jingina ta da wata.

Rarrabewar da Injiniya ya nema kuma tana zuwa cikin sauƙi, domin Hausa ta saba ambaton na'ura da abin da ke tafiyar da ita, kamar yadda muke cewa injin gas da agogon batir. Sai mu ce zugazugin hayaƙi ga tobo, zugazugin bel ga ɗan'uwansa. Matsin iskar ya zama ƙarfin zugi, jinkirin kuma nawar zugi, tun da nawa ita ce rashin hanzarin abin da a ƙarshe zai motsa. Na san wani zai ce zuga tana nufin ingiza mutum ga fitina, amma wannan ma'ana daga maƙera aka aro ta, kuma babu mai jin an ce zugazugin mota ya ɗauka ana maganar gulma.

Bakanike, Tashar Dukku, Gombe

Allah ya gafarta Malam, sunan ya yi daɗin ji kuma ya faɗi gaskiyar aikin, amma ina da ja a wuri biyu. Na farko, babu yaron garejin da za a aika kasuwar kayan gyara ya ce a ba shi zugazugin hayaƙi, kuma direbobin tirelolin da ke ɗauko siminti daga Ashaka, waɗanda injunansu na gas da wannan na'ura suke aiki, tobo suka sani. Na biyu, zugazugin maƙera fata ce da ake dannawa tana sama tana ƙasa, wannan kuwa juyawa yake yi.

Sannan ina jan hankalin Malam mai tambaya cewa kada sunan na'ura guda ya shagaltar da shi daga abokan aikinta, domin su ne suke raba mai gyaran kirki da mai ƙona inji. Iska idan aka matse ta zafi take yi, iska mai zafi kuma ba ta da kauri, shi ya sa ake bi da ita ta wani abin sanyaya a gaban mota kafin ta shiga inji. Mu dai lagireton iska muke iya kiransa, kowa kuma zai gane, tun da siffarsu ɗaya da lagireton ruwa. A zafin watan Maris da Afrilu na nan, lokacin da rana take kai digiri 40, wanda ya ƙara wa tobo ƙarfi bai ƙara girman wannan lagireto ba ya yi aikin banza. Haka kuma ƙurar hunturu tana cinye fikafikan fankar idan matatar iska ba ta da kyau. Sandar kuma a kan baƙin mai take yawo, don haka wanda ya gama gudu ya kashe inji nan take, man da ya tsaya a cikin na'urar zai soye ya toshe hanya. Dalilin da ya sa masu tsere suke yin zagaye guda a hankali kafin su tsaya ke nan.

Injiniya, Gombe

Oga, jan ka na biyu yana da amsa a maƙerar kanta. Maƙera da dama a yau sun ajiye fata sun koma fankar da ake juyawa da wilin keke, kuma aikin bai canza suna ba, har yanzu zuga wuta ake yi. Ashe kalmar aikin take bi, ba siffar ba. Jan farko kuwa gaskiya ne, kuma ba na ganin akwai buƙatar a kori tobo daga gareji. Abin da ake nema shi ne kalmar rubutu da koyarwa, wadda ɗalibin kwalejin fasaha zai karanta ya gane dalili.

Na gwada kalmomin Malam a kan bayanin shirin mota, sun ɗauka. Ana auna ƙarfin zugi da ma'aunin matsin iska da ake kira ba (bar da Turanci), kuma iskar da muke shaƙa a gaɓar teku nauyinta kusan ba 1 ne, saboda haka zugin ba 1 yana nufin an kusa ninka iskar da ke shiga silinda. Wanda ya ɗaga zugi zuwa can dole ne ya sa nozul masu ba da mai da yawa, ya sake saitin ƙwaƙwalwar mota, ya sa fistin da sandunansu na ƙarfen da aka ƙera da duka maimakon na zubi, ya kuma nemi kulocin da zai riƙe ƙarfin. Akwai wata ƙofa da take buɗewa ta karkatar da wani ɓangare na hayaƙin idan zugi ya kai iyakar da aka sa masa, ita kuma ina ba da shawarar a kira ta ƙofar rage zugi. Bayan inji sai birki, wanda a fili shi yake fara gajiya, don haka ana sa masa man da ba ya saurin tafasa da takalman da suke jure zafi, sannan kejin ƙarfe a cikin mota da ɗamarar kujera da hular kwano, domin wannan aiki na killataccen fili ne, ba na titin Bauchi zuwa Alkaleri ba.

Kalmar ta kuma taimaka wajen bayyana abin da direbobinmu suka sani a jikinsu. Mai hawa daga Bauchi ta Toro zuwa Jos, inda tudu ya kai mita 1,200, yana jin mota marar zugazugi tana rasa ƙarfi saboda iskar can ba ta da kauri, alhali zugaggen inji yana cike giɓin da kansa. Tarihin tsere ma yana faɗuwa da ita ba tare da tuntuɓe ba: Renault ce ta shigo da zugazugin hayaƙi gasar Formula 1 a Silverstone ta Ingila a 1977, ta ci tserenta na farko da shi a Dijon ta Faransa a 1979 da direba Jean-Pierre Jabouille, kafin a haramta shi daga 1989 bayan injuna masu lita 1.5 kacal sun haura ƙarfin dawakai 1,000 a zagayen neman gurbi, sannan aka dawo da shi a 2014.

Mai tambaya, Bauchi

Na gode, Allah ya saka da alheri. Na janye sunayena uku, na ɗauki zugazugin hayaƙi, kuma a farkon ambato zan rubuta cewa shi ne abin da makanikai ke kira tobo, domin hujjar Oga ta kasuwar kayan gyara ba abin yarwa ba ce. Inda babu zugazugin bel a cikin magana, zugazugi kaɗai ya wadatar, wannan kuma ya rage tsawon da ake tsoro. Ga yadda jimla ta fito: an ɗaga ƙarfin zugi zuwa ba 1, an girmama lagireton iska, an kuma zaɓi ƙaramin zugazugi domin a rage nawar zugi a filin da kwanoninsa suke da yawa.

Saura kalma guda da take da haɗari idan aka yi kuskure a kanta. Idan zugi ya yi yawa, ko iska ta yi zafi, ko fetur ɗin bai kai ingancin da injin yake buƙata ba, ragowar man da ke cikin silinda yakan fashe da kansa maimakon ya ci a hankali daga tartsatsin fulogi, sai a ji wata ƙara siririya kamar ana ƙwanƙwasa ƙarfe, kuma idan ta daɗe tana iya huda fistin. Ba zan iya cewa inji yana bugawa ba, domin a wurinmu inji ya buga yana nufin ya riga ya mutu, wannan kuwa gargaɗi ne da ke zuwa kafin mutuwar. Oga, kai da kunnenka ya saba da ita, me kuke ce wa wannan ƙara a gareji?