Zaizayar dimokuraɗiyya: mu tsayar da wannan kalma

Jama'a, musamman masu fassara labarai da malaman Hausa, ku zo mu daidaita a kan kalma ɗaya. Abin da Turawa ke kira democratic backsliding, wato zaɓaɓɓiyar gwamnati ta riƙa raunana dimokuraɗiyya a hankali ta hanyar doka, mu kowa da abin da yake rubutawa: wannan koma-baya, wancan taɓarɓarewa, wani zagon ƙasa.

Mu fara duba abin da kansa. A 2010 jam'iyyar Fidesz ta Viktor Orban ta ci kashi biyu bisa uku na kujerun majalisar Hangari, a zaɓe na halas. Da wannan rinjaye ta rubuta sabon kundin tsarin mulki a 2011. Aka rage shekarun ritayar alƙalai daga 70 zuwa 62, da yawa suka koma gida. Aka ƙara kujerun kotun tsarin mulki daga 11 zuwa 15, masu rinjaye suka cike su da waɗanda suka zaɓa. Kujerun majalisa suka sauko daga 386 zuwa 199, aka sake shata mazaɓu. A 2018 aka tattara ɗaruruwan kafafen labarai ƙarƙashin gidauniya ɗaya mai goyon bayan gwamnati. Babu soja a gidan rediyo da asuba. Kowane mataki da dokarsa, kuma zaɓe bai fasa zuwa ba.

Koma-baya ba ta da ƙarfin ɗaukar wannan. Muna faɗinta a kan ilimi, a kan kasuwa, har ƙwallo. Taɓarɓarewa kuwa sai abu ya lalace kowa yana gani, alhali a nan kotu na zama, majalisa na zama. Zagon ƙasa ta fi kusa, amma a ɓoye ake yin sa, wannan kuwa da rana tsaka ake ƙirga ƙuri'unsa a zauren majalisa.

Wani zai ce ai muna da tazarce. Gaskiya ne, kalma ce mai kyau, kuma mutanen Nijar sun san nauyinta: a 2009 Mamadou Tandja ya rusa majalisa, ya rusa kotun tsarin mulki, ya yi ƙuri'ar raba gardama don ya zarce. Sai dai tazarce reshe ɗaya ce. Ana iya cinye kotu da jarida ba a taɓa wa'adi ba.

Ni zaizaya na zaɓa. Duk wanda ya ga yadda ruwa ke cin gefen gona damina bayan damina, har kwazazzabo ya buɗe a inda ake shuka, ya fahimci abin ba sai an yi masa bayani ba.

Na san ƙorafin da za a yi: zaizaya aikin ruwa ne, kamar ba mai laifi. To, ai Hausa ta ba mu aikatau. Mu rubuta "gwamnati ta zaizaye kotu", "sun zaizaye hukumar zaɓe", mai yi ya fito da sunansa.

Kuma don Allah kada mu ɗaure kalmar da masu ra'ayin riƙau kaɗai don Orban na cikinsu. Hugo Chavez, shugaban Benezuwela na wancan lokaci, ɗan gurguzu ne, amma a 2004 magoya bayansa a majalisar Benezuwela suka ƙara alƙalan kotun ƙoli daga 20 zuwa 32, suka cike ta da nasu. Shi ma zaizayewa ya yi, kuma haka zan rubuta a kansa.