An kwaikwayi sunan turarena, takardar CAC ta ishe ni?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina haɗa turaren wuta da humra, kuma na yi rajistar sunan kasuwancina a CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya. Yanzu kwastomomi suna ta turo min hoton wata kwalba, suna irin nawa sak, harafi ɗaya kawai aka canza, har launin takardar da nake liƙawa. Takardar CAC ta ishe ni in tunkari mai ita, ko sai na yi rajistar tambari? Ga kuma dila a Maraɗi tana son sayarwa da sunana.

Uwar Gida: Wa alaikumus salam. Ki canza kwalba kawai, mai kaya mai kyau ba ya rasa kasuwa.

Ɗan Sabon Gari: Hajiya, kada ki saurari wannan. Ni yaji nake haɗawa, da sunan mahaifiyata a jikin leda. Yaron da na koya wa sana'ar, wanda a kwano ɗaya muke cin tuwo, shi ya je ya yi rajistar sunan a matsayin tambarinsa. Sai takardar lauya na gani wai in daina amfani da shi. Na nuna ta CAC, aka ce min wannan daban, wancan daban. Kuɗin shari'a ba ni da shi. Ledojin da na buga har yau suna jibge a ɗaki, ɓera na ci. Sunan uwata fa!

Uwar Gida: Innalillahi. Allah ya isar maka, Alhaji.

Ɗan Sabon Gari: Amin. Har gidan biki muke haɗuwa ya miƙo min hannu.

Ɗan Birni: Maman Ilham, rajistar tambari a ofishin da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari ake yin ta, a Abuja. Kaya da ayyuka an kasa su rukuni 45. Turare na rukuni na 3, yaji na 30. Za a fara binciken sunan, a buga shi a mujallar ofishin, a ba masu ƙorafi wata 2. Shekara 7 take yi, sannan a riƙa sabuntawa duk shekara 14.

Anti Mai Kilishi: Ni naira 60,000 na biya.

Ɗan Kwari: Wace shekara? Ni 180,000 aka karɓa, kuma takardar amincewa kawai na samu, satifiket shiru.

Anti Mai Kilishi: To an ci kuɗinka ne, ƙanena.

Ɗan Kwari: Ɗan Birni, kai lauya ne ko dai dillali? Wanda aka cuta ya fi ka sanin zafin abin.

Ɗan Birni: Na yi wa kayana ne. Alhaji ya san zafi, amma zafi ba ya cike fom.

Baban Sadik: Hajiya, a turo min kwalabe biyun, hancina zai yanke hukunci kyauta 😂

Ɗan Katsinawa: Batun Maraɗi: takardar Najeriya ba ta aiki a Nijar. Nijar tana cikin OAPI, ƙungiyar rajistar tambari da haƙƙin fasaha ta wasu ƙasashen Afirka mai hedikwata a Yawunde, rajista ɗaya ta game ƙasashe 17, Najeriya ba ta ciki. Ki rubuta yarjejeniya da dilar, kada ta riga ki.

Marubuciya: Ku ma kuna da inda za ku je. Ni littafina kwana kaɗan da fitarsa na gan shi yana yawo a WhatsApp, wani kuma yana karanta shi a YouTube yana karɓar kuɗin talla. An ce an yi sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, amma wa zai bi min su?

Ɗan Kwari: Haka aka yi wa 'yan fim tun zamanin faifan CD. Yanzu a shagon caji ake tura wa mutum a waya.

Maman Ilham: Allah ya saka, amma ita mai kwalbar fa, in yi mata magana yanzu ko in bari sai na shigar da takardu?

Marubuciya: Wai akwai wanda ya taɓa sa YouTube suka sauke masa abu a nan?