Tebur mai juyawa a walda ta robot, meye amfaninsa?

Ɗan Walda:
Salam 'yan uwa. Na ga bidiyon wata masana'anta a Jamus, robot na walda amma ƙarfen yana ɗaure kan wani tebur da ke juya shi yana karkata shi. To tunda hannun robot ɗin gaɓoɓi 6 ne da shi yana lanƙwasa ko'ina, meye kuma na teburin?

Injiniya Babba:
Ƙanena ai kai mai walda ne, ka san yadda narkakken ƙarfe ke zubowa in kana waldar sama da kai. Robot ma haka ne. Teburin yana kawo mahaɗar ta kwanta ne, sai narkakken ya zauna daram a cikin tsagin, a ƙara wuta a yi sauri. Kuma moton teburin da robot ɗin kwamfuta ɗaya ke tuƙa su, bututu na juyawa bakin tocin na bin sa ba tsayawa ba tabon farawa. Kamfanonin robot irin su ABB da Fanuc da Yaskawa duk suna ƙera irin wannan teburin.

Mai Gareji:
Ni na taɓa haɗa na hannu da tsohuwar giyar mota, wata biyu boris ya mutu, ashe wutar walda ce ke bi ta cikinsa tana cin ƙwallayen. Na kamfani burushin kabon suke sa wa, ta nan wutar ke komawa injin walda, ba ta cikin boris ba.

Injiniya Babba:
Kuma ka daidaita nauyin a tsakiya malam, in ya rinjayi gefe ɗaya moton zai dinga fizga.