Moto guda, yara biyu: wa ya kamata in ba?

Mai tambaya, Tawa:
Assalamu alaikum jama'a. Ni ɗan kasuwa ne, ina sayen albasa wajen Galmi ina sayar wa masu lodi. Bana Allah ya sa an samu, kuma bayan na biya bashin bara, na tayar da katangar gida da ruwan sama ya kayar, na kuma taimaka wa ƙanena da abin da ya sawwaƙa na auren ɗiyarsa, abin da ya rage bai wuce kuɗin moto guda ba. Ina da yara biyu a jami'a, mace mai shekara 21 da ƙanenta mai shekara 19, kuma kuɗin kabu-kabu na su biyun kullum ya fi ƙarfina. Niyyata in ba namijin ya riƙa ɗaukar yayarsa, amma uwarsu ta kafe cewa sai dai a ba macen, wai don yaron ya taɓa faɗuwa. Yau sati ke nan ba a cin tuwo da daɗi a gidana. Ku ba ni shawara.

Malamin makaranta, Yamai:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Uwargida ce ke da gaskiya, kuma wannan ba maganar son rai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna a rahotonta na 2023 cewa haɗarin hanya yana kashe mutum kusan miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Ta kuma ce yiwuwar namiji ya mutu a haɗarin hanya ta ninka ta mace kusan sau uku. Dalilin ba ƙarancin iyawa ba ne, sau da yawa ma samari sun fi ƙwarewa da kan moto. Abin da ke cin su shi ne gudu, da tsere da abokai, da jin cewa taka burki a gaban tsara abin kunya ne. A ba yarinyar.

Tsohon direba, Konni:
Malam, lissafinka bai cika ba. Maza sun fi mutuwa ne saboda su ne a kan hanya: su ke kabu-kabu, su ke tuƙa manyan motoci da dare tsakanin Konni da Doso, su ke yin karen mota. Wanda yake zaune a gida ai ba zai yi haɗari ba. Ni na ƙare ƙuruciyata a kan wannan hanya, kuma da idona ya fara rauni mai motar ya sallame ni ba ko sisin sallama, har yau ina bin sa kuɗin wata biyu. Alhaji, ba namiji abinsa.

Malamin makaranta, Yamai:
Baba, yawan zama a kan hanya yana cikin lissafin, ban musa ba, amma bai share bambancin ba, domin a ƙasashen da mata ke tuƙi sosai, irin Faransa da Amurka, har yanzu maza ne suka fi yawa a cikin matattu. Kuma a nan tafiyar guda ce, daga gida zuwa jami'a, saboda haka abin dubawa shi ne hannun wa zai riƙe totur. Ƙarin kashi 1 cikin 100 a gudu yana ƙara haɗarin mutuwa da kusan kashi 4. Alhaji bai ma faɗa mana yadda yaron ya faɗi ba.

Ma'aikaciyar jinya, Tawa:
Ni abin da ke ba ni takaici shi ne ba wanda ya ambaci hular kwano. Ana kawo mana yara da daddare, kai a fashe, hular kuwa tana rataye a hannun moto, ko an ɗora ta a ka ba a ɗaura igiyar ba, wadda da an faɗi ita ke fara tashi. Sannan dangi su cika ƙofa suna zagin mu wai mun yi jinkiri, alhali mu biyu ne a kan aiki. Ko wa za ku ba, Alhaji, ku sayi hula biyu.

Hajiya, Yamai:
Ɗiyata tana haye gadar Kennedy da motonta kowace safiya zuwa jami'a a Harobanda, kuma alhamdu lillahi lafiya lau. Sai dai kada a ɗauka macen da ke zaune a baya ta tsira. Idan ta zauna a karkace, ƙafafu biyu gefe guda, ba ta da abin riƙo in an taka burki, kuma na ga yadda bakin dogon hijabi ya naɗe a tayar baya ya fizgo wata yarinya ƙasa ta wuya. Ni na fi son ɗiyata ta tuƙa kanta, ta tattare tufafinta, a kan wani saurayi ya ɗauke ta.

Mai tambaya, Tawa:
Na gode, amma ina ganin ba ku fahimce ni ba. Faɗuwar da yaron ya yi ba laifinsa ba ne, akuya ce ta shiga gabansa da magariba, kuma moton kawunsa ba shi da fitila mai kyau. Gwiwa kawai ya ƙuje. Yaro ne mai ladabi, ba ya shan komai. Sannan ku duba, Hajiya, Tawa ba Yamai ba ce. Yaya za a ce babban saurayi yana zaune a bayan yayarsa suna ratsa kasuwa? Abokansa ba za su bar shi ya sha ruwa ba.

Malamin makaranta, Yamai:
To ai kun faɗi ciwon da bakinku, Alhaji. Yaron da dariyar abokai za ta hana shi zama a baya, ita ce kuma za ta hana shi rage gudu. Shin a cikinsu wa ke da lasisin tuƙi?

Tsohon direba, Konni:
A bar moton nan gaba ɗaya, a mayar da kuɗin cikin albasa.

Mai tambaya, Tawa:
Maganar lasisi za a duba ta daga baya. Na riga na ba dillali kafin alƙalami, kuma yaron ne ya zaɓi kalar. Abin da nake nema yanzu shi ne yadda zan shawo kan uwarsu kafin ranar Lahadi.