Neman shawara: ina son komawa gidan da na taso, amma gabana sai faɗuwa yake

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da shekara tara auren iyayena ya mutu, Mama ta tafi da ni, yau shekara 31 ke nan ban sake taka gidan ba. Har gobe ina mafarkin bishiyar tsakar gidan, da tsagewar bangon ɗakin Kaka da muke cusa tsinke a ciki. Baba ya rasu a 2016, sai bayan wata biyu labarin ya iso ni. Makon jiya ɗana ya tambaye ni sunan kakan Baba, na rasa ta cewa. Gwaggo ce kaɗai ta rage, ta haura tamanin. Na samu lambar ɗanta, na kira sau biyu bai ɗaga ba. In kama hanya kawai, ko in jira?

Baban Biyu: Wa'alaikumus salam. Hajiya, fara da gwajin DNA kafin ki wahalar da kanki. Rabin ƙwayoyin halittarki daga Baba ne, kusan kashi 25 cikin ɗari daga kowane kaka, ke da ɗan Gwaggo kuna tarayya a kusan 12.5. Ƙwayar halittar Y kuwa, wadda ake gwadawa don bin zuriyar uba, daga uba zuwa ɗa namiji take tafiya, ke ba ki da ita, ɗanki kuma ta ubansa ya ɗauko. Sai kin samo ɗan baffanki namiji. Ki kuma duba FamilySearch, shafin intanet na binciken asalin zuriya, kyauta ne.

Auta: Gwaji ba zai faɗa mata sunan kakan babanta ba, Gwaggo ce za ta faɗa. Yaya, ki je tun tana da rai. Ki nemi izininta ki naɗi muryarta a waya, ki kai tsofaffin hotuna, tsofaffi sun fi tuno abu in suna kallon fuska. Ni na yi ta cewa sai an samu hutu, har Kakata ta rasu.

Ɗan Tsakiya: Ni dai na je, na ga abin da na gani. Ko zama ban yi ba aka ce gado ya kawo ni. Ɗakin da aka haife ni an rushe, wanda na tarar a wurin ko sunan mahaifina bai taɓa ji ba. Shekara shida ke nan, ko gaisuwa babu.

Baban Biyu: Kun ji ko? Abin da nake gudar mata ke nan. Ki tara bayananki tukuna, ki je da ƙarfinki.

Mai tambaya: Ni ba gado nake nema ba, Allah ne shaida. Kuma ba ni na yanke zumunci ba, yarinya ce ni aka ɗauke ni. Su manya me ya hana su nemo ni? Zancen ɗan baffa kuwa, ko sunayensu ban sani ba.

Auta: Mama fa? Ai ta zauna da su, ba za ta rasa sunayen ba. Ta san da wannan tafiyar?

Mai tambaya: Ba na son saka Mama cikin wannan maganar. Ina da dalilina.

Baban Biyu: To ki yi gwajin.

Ɗan Tsakiya: Ɗan Gwaggon ma ya san lambarki ce da bai ɗaga ba?